Ɗalibar Bayan Ƙofa a Mazar

Tun da na dawo ban huta ba. A masallacin layinmu na Unguwar Sanusi tambaya, a wurin mai shayi tambaya. A ɗakin malamai kuwa abokin aikina Mista Bitrus, mutumin Filato mazaunin Sabon Tasha, ya mai da ni rediyonsa. Kullum sai ya ce, "Malam Sabi'u, wai da gaske Turanci ka je koyarwa a Afganistan? Su da ko Hausa ba sa ji?" Na maimaita labarin nan har muryata ta dushe. To ga shi a rubuce, duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa ya karanta da kansa.

Wani tsohon ɗalibina ne, Nasiru, ya jawo mini. Yana aiki da wata ƙungiyar agaji a arewacin ƙasar, ya bugo ya ce wata cibiyar koyon Turanci a birnin Mazar tana neman malami na 'yan watanni, namiji, Musulmi, mai haƙuri. Na ce masa biyun farko na cika, na ukun kuwa ya fi kowa sani. Da na gaya wa maiɗakina, Maman Ummi, sai ta ajiye ludayi ta dube ni. Ta ce, "Duk faɗin duniyar nan, Malam, sai inda ba a taɓa ambatonsa a labarai da alheri ba?" Ta yi kwana da kwanaki ba ta kula ni. Ranar tafiya kuma sai ga jakata cike da garin kuka, da yaji, da daddawa, da kilishi.

Motar haya na bi zuwa Abuja, direban yana gudu kamar an biyo shi, ni ina ta salati a kujerar gaba. Daga nan jirgi ya kai mu Turkiyya, wani jirgin ya kwashe mu zuwa Tashkent, babban birnin wata ƙasa mai iyaka da Afganistan, sai jirgin ƙasa har wani gari mai suna Termez a bakin iyaka. Kogi ne ya raba ƙasashen biyu, gada ɗaya ce a kai, kuma kafin ka hau ta sai an zazzage maka kaya tas.

A nan kayan Maman Ummi suka kusa sa ni kwana a kurkuku. Jami'in kwastan ya ɗago ledar garin kuka, ya ga kore shar, ya kira 'yan uwansa, aka zo da kare. Na ce miya ce, ba wanda ya gane. Na yi alamar tuƙa tuwo, suka ƙara tsare gida. Ran nan raina ya ɓaci, na karɓi kofi na zuba ruwa na dama kukar a gabansu, na shanye ina kallon idon babbansu. Wani saurayi cikinsu ya buɗe yajin ya shaƙa, ya yi ta atishawa har hularsa ta faɗi, sai kowa ya fashe da dariya. Daddawa ce kawai ba ta tsallake ba. Karen da ya shinshina ta ja da baya ya yi, suka jefa ta a shara ina ji ina gani.

A ɗaya gefen wani matashi mai rawani da bindiga ya karɓi fasfona yana juya shi. Ya dubi baƙar fatata ya ce, "Musulman?" Na yi masa cikakkiyar sallama. Sai ya dafa ƙirji, ya jero mini gaisuwa ba numfashi. Nan na fara ganin halinsu. Suna da doguwar gaisuwa irin tamu, lafiyarka, gida, iyali, hanya, amma su ba a jiran amsa, kai kana jero taka shi yana jero tasa a lokaci guda. Suna kuma da wata kalma, manda nabashi, wai kada ka gaji, ana faɗa wa wanda aka tarar yana aiki ko wanda ya sha hanya. Na ce a raina, ai wannan sannu da aiki ce ta canja riga.

Masaukina ɗaki ne a saman cibiyar. Babu gado, babu kujera, sai katifu sirara jere a jikin bango, da rana wurin zama, in an tashi barci wurin kwanciya. Banɗaki da buta kamar gida. Abinci ne muka daɗe muna faɗa. Shinkafarsu da nama ce, sai a barbaɗa mata karas da zabibi, ka kai loma ka ji zaƙi. Haba jama'a, shinkafa da zaƙi! Gurasarsu kuwa doguwa ce kamar allon makaranta, mai daɗi in da zafinta. Shayi kore ne, ba madara, kuma kofinka ba ya zama fanko, kana shanyewa an ƙara. Yajin Maman Ummi ne ya riƙe ni, har mai dafa mana abinci ya fara zuwa yana miƙo tafin hannu.

Ɗalibaina duk maza ne, wasu ma sun haifi 'ya'ya. Nahawu kam sun iya, sun fi 'yan ajina na Kaduna nesa ba kusa ba. Ciwon kansu shi ne abin da Turawa ke kira idioms, irin maganar nan da ake faɗin abu ɗaya ana nufin wani, kamar yadda mu za mu ce wane ya ci hanci alhali ba hancin kowa da ya tauna. Akwai wani ɗan littafi da ake sayarwa a kasuwa, an tara irin waɗannan maganganu an fassara su da Dari, harshen da suke yi. Sun haddace shi kamar karatun allo, suna kuma jefa su duk inda suka ga dama.

Wata rana wani ɗalibi mai suna Farid, mai ɗan shagon gyaran waya, ya zo ba da haƙurin fashin da ya yi. Idonsa jawur, ya dafa ƙirji ya ce, "Ustad, my uncle kicked the bucket." Ustad shi ne malam a wurinsu. Littafin ya ce masa maganar tana nufin mutuwa, kuma gaskiya ne, amma bai gaya masa ta shaƙiyanci ba ce. Na yi masa ta'aziyya tukuna, sannan na ja shi gefe. Na ce, "Farid, a harshena in babba ya mutu mukan ce ya rasu, ko ya riga mu gidan gaskiya. Akwai kuma ya sheƙa barzahu, wannan sai ga ɓarawon da ya addabi unguwa. Ta ukun ka faɗa wa kawunka." Ya rufe fuska da hannu biyu yana istigfari.

Tun daga ranar ya manne mini. Sai na lura yana zuwa da tambayoyi masu kaifi, amma in na mayar masa da tambaya sai ya yi tsuru-tsuru. Na ce, "Kai, gaya mini gaskiya, wa ke aiko ka?" Ya waiga hagu da dama, sannan ya yi ƙasa da murya. Ƙanwarsa ce. Tana tsakiyar karatun likita aka rufe wa mata manyan makarantu, tun lokacin tana gida. Wata jami'a a ƙasar waje tana ɗaukar irinsu kyauta, amma sai an yi hira da mutum ta waya da Turanci. Bara ta yi hirar, ta faɗi. Bana ce damarta ta ƙarshe, don shekarunta za su wuce ƙa'idarsu, kuma in ta sake faɗuwa karatun likita ya ƙare ke nan.

Na tambaye shi me ya kayar da ita. Ya ce matar da ta yi hirar ta tambaye ta, "Where do you see yourself a few years down the road?" Abin da take nufi, ina kike hangen kanki nan gaba. Yarinya ta ji an ambaci hanya, ta ɗauka titin gidansu ake nufi. Ta amsa da cewa a ƙarshen titin akwai mai gasa gurasa, kuma ba ta zuwa can sai da yayanta. Farid yana ba ni labarin yana ɗan murmushi. Ni ban yi dariya ba. Ina da 'ya mace, Ummi, tana ajin ƙarshe a sakandare, kullum maganarta likita. Na ce masa, "Ka nemo mini izinin mahaifiyarku. Bana ba za a kayar da ita da maganar titi ba, in Allah Ya yarda."

Ba abin da ake shela ba ne, don haka a matsayin baƙon cin abinci nake zuwa, bayan la'asar. Gidajensu suna da ɗakin baƙi daga waje kamar zaurenmu. Ni da Farid muna ciki, ita tana bayan wata ƙofa da aka ɗan sassauta aka saki labule, mahaifiyarsu tana gefenta ina jin ƙarar carbinta. Farid yana kiranta Hamshira, wato 'yar'uwa, ni ma na bi sahu.

Ranar farko na yi sallama na ce ta gabatar da kanta. Jama'a, sai ga ruwan idioms! Cikin jimla kaɗan ta ce jarrabawa a piece of cake ce, wato abu mai sauƙi, ta ce tana karatu round the clock, wato ba dare ba rana, ta ƙara da wasu da ni kaina rabona da jin su tun ina kwaleji. Haushin faɗuwar bara ya sa ta haɗiye littafin nan gaba ɗaya.

Na ce, "Hamshira, tsaya. Wannan ba magana ba ce, baje koli ne."

Ta ce, "Ustad, bara don ban san guda ɗaya ba aka kayar da ni. Bana na san duka, ka ce in yi shiru da su?"

Na ce, "Ki san su don kunnenki, in an jefo miki ki cafe. Bakinki kuwa ya faɗi magana sak. Kin taɓa ganin an juye gishirin gida duka a tukunya ɗaya?"

Ta ce, "In na yi magana sak za su ce ban iya ba."

Taurin kai gare ta, ni ma ba baya ba. Mun yi ranakun da Farid ke zama tsakaninmu kamar alƙalin dambe, yana ta zuba mini shayi don in sauko. Dabarar da na ɓullo da ita ita ce in zama matar hirar. In yi tambaya in ɓoye idiom a ciki, ita kuma ta faɗi ma'anarsa da Turanci mai sauƙi kafin ta amsa. In ba ta gane ba, ta ce a sake faɗa mata ta wata hanya. Wannan ta fi ƙi. Wai abin kunya ne. Na ce, "Kunyar me? Ni da na tsufa ina koyar da harshen nan, in Bature ya yi mini ta hanci sai in ce ya maimaita. Tambaya ba ta kayar da kowa, amsar abin da ba a tambaya ba ce ta kayar da ke." Can sai na ji ta ce, "Sake tambayata, Ustad."

Ni ma dai na sha nawa. Wata rana wayata ta yi ƙara, na miƙe zan fita na ce, "I'm coming." Da na dawo sai ta ce, "Ustad, ka ce kana zuwa, amma na ji takunka yana tafiya. Wannan wane idiom ne? Babu shi a littafi." Na dafe kai. "Ina zuwa" ce tamu ta Hausa na sa wa rigar Turanci, kuma duk Kaduna haka muke faɗa. Kafin in farfaɗo Farid ya ƙara mini da cewa 'yan aji duk sun koyi gaida mai aiki da "well done" daga bakina, suna murna sun samo manda nabashi ta Turanci. Har ƙanwarsa ta shirya buɗe hirar da ita. Ka ji fa! Saura kaɗan yarinya ta ce wa Baturiya ta yi ƙoƙari tun matar ba ta ce komai ba.

Da na koma masauki na buga wa Mista Bitrus. Na ce, "Bitrus, ashe rabin Turancinmu Hausa ce da Pidgin." Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Sai da ka je ƙarshen duniya ka sani?" Muka zauna a waya muna tsince su ɗaya bayan ɗaya, yana tuno wasu ina tuno wasu. Washegari na tsaya gaban aji na ce wannan da wannan na garinmu ne, ba laifi ba ne, amma kada a kai su gaban Bature. Suka ji daɗi ƙwarai da suka gane Ustad ma da nasa harshen yake tunani.

Ranar hira da hantsi aka sa. Wuta ta ɗauke tun safe, abin da bai ba ni mamaki ba ko kaɗan, Farid ya ɗauko batir daga shagonsa. Wayar tana wurinta a bayan ƙofa, an ƙara murya, mu muna ɗakin baƙi muna ji. An hana kowa taimaka mata, ni ma na yi wa kaina alkawarin ko tari ba zan yi ba.

Muryar wata dattijuwa ce. Suka gaisa lafiya lau. Tambayoyin farko ta wuce su sumul, magana sak, ba ado. Can matar ta jefo wata, ta ce da aka rufe makaranta ba ta yi tunanin "throw in the towel" ba? Ma'anarsa sallamawa, amma ba mu taɓa bi ta kansa ba, ban kuma sani ba ko yana cikin littafinta. Na damƙe gwiwar Farid har ya yi ƙara. Sai muryarta ta fito a natse, ta ce ba ta tabbatar da ma'anar wannan ba, a taimaka a faɗa mata ta wata hanya. Matar ta ce, au, yi haƙuri, ina nufin ko kin fid da rai. Ta ce a'a, ta bayyana yadda take bitar littattafanta a gida. Na saki gwiwar bawan Allah.

Sai tambaya ta ƙarshe. Matar ta ce, ranar da aka ce kada ku sake zuwa, yaya kika ji?

Carbin mahaifiyar ya tsaya. Ni ina zaune ina motsa baki ina cewa "my heart sank", wato gabana ya faɗi, kamar ƙofa za ta kai mata. Ta san shi sarai, mun yi shi.

Abin da ta faɗa, da Turanci mai sauƙi, shi ne: "Akwai maganar da kuke yi, my heart sank. Na san ta, amma ta yi mini kaɗan. A harshena cewa muke yi jigar khun, hantata ta zama jini. Haka na ji." Sannan ta ce, "Amma darasin ƙarshe da aka yi mana kafin a rufe, a kan hanta ne. Malaminmu ya ce ko an yanke mafi yawanta, tana sake tofowa. Shi ya sa nake gabanki yau."

Ni da na yi watanni ina hana ta ado a magana, sai ga ni ina share ido da hannun riga. Mu ma ai da hanta muke jin abu, in tsoro ya kama mutum cewa yake hantarsa ta kaɗa, ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba sai ran nan. Matar ta yi godiya, ta ce za a ji sakamako nan gaba. Ba ta nuna komai a murya ba.

Lokacina ya cika sakamako bai fito ba. Mahaifiyarsu ta aiko mini da ƙullin busasshen inabi da almond, wata ƙwaya mai kamar gyaɗa, in kai wa iyali, Farid ya raka ni har mota yana kuka ba kunya. Na biyo hanyar da na bi, wannan karon ba wanda ya kula jakata. Na iso gida Maman Ummi ta dube ni sama da ƙasa ta ce na rame, ta ɗora tuwo. Makonni suka shuɗe ina koyarwa, amma rabin hankalina yana kan waya. In ta yi ƙara a aji sai in daka wa yara tsawa su yi shiru, in duba in ga kamfanin layi ne.

Ran wata Asabar na je Sabon Tasha duba Mista Bitrus da zazzaɓi ya kwantar. Ina cikin keke a hanyar dawowa, mun maƙale a cunkoson kasuwa, sai ga kiran Farid. Layin yana yankewa, ga hon, ga masu talla. Na toshe ɗaya kunnen ina ihu, "Me ka ce? Ƙara faɗa!" Sai na ji shi tar: "Ustad, sun ɗauke ta! Sun ɗauke ta!" A bayansa ina jin guɗa irin tasu da kukan tsohuwa.

Ban san hawaye ya zubo ba sai da mai keken, wani dattijo mai furfura, ya leƙo ta madubi.

Ya ce, "Subhanallahi, Malam, rasuwa aka yi?"

Na ce, "A'a Baba, alheri ne. 'Yata ce ta samu karatun likita."

Ya ce, "Kai, masha Allah! Yaya sunanta, mu sa mata albarka?"

A can namiji ba ya gaya wa baƙo sunan matan gidansu, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Ban san sunanta ba, ban san fuskarta ba, ko a hanya muka haɗu sai dai in ta yi magana.

Na ce, "Baba, sa mata kawai. Wanda za ka roƙa Ya san ta."

Ya saki kan keken a tsakiyar cunkoso, ya ɗaga hannu biyu, na bayanmu suna ta danna hon, ni ina cewa amin.